Ajiyar Wake Ta Hanyar Toshe Masa Iska

Kowane hakimi ya san asarar da talakawansa ke yi a kan wake. Da kaka manomi yakan sayar da shi da araha, ba don yana so ba, sai don ya san in ya ajiye ƙwari za su huhhuda shi kafin bazara. Sa'ad da damina ta faɗi kuwa, shi ne zai koma kasuwa ya sayi iri da tsada.

Ƙwaron nan tun daga gona yake biyo wake. Macen takan yi ƙwai a jikin tsabar, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige, tana ci tana girma, har ta fito ƙwaro cikin kamar wata guda. Don haka buhun da aka ɗaure lafiya lau ga ido yakan koma gari cikin 'yan watanni.

Amma ƙwaro ma numfashi yake yi. A cikin iskar da ake shaƙa, kashi 21 bisa ɗari ne ke riƙe da rai, watau oksijin. In aka zuba wake a mazubin da iska ba ta shiga, ƙwarin da kansu za su shanye ɗan abin da ya rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. Magabata sukan cuɗa wake da toka ko rairayi su zuba a tukunya, su liƙe bakinta da laka, sai dai tukunyar ƙasa tana da ƙananan kafofi da iska ke ratsawa.

Duro na ƙarfe ko jarka mai murfi mai kamawa sun fi, muddin an cika su fal, kuma ba a taɓa zuba musu fetur ko maganin ƙwari ba. Akwai kuma buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samo asalinsa a aikin da suka yi da masanan arewacin Kamaru, aka soma baza shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Lalle ne a duba ledojin tukuna, gama huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Bayan an zuba wake, sai a matse iskar ledar ciki, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure tam da igiya. Haka za a yi wa ta biyu, sa'an nan buhun waje, kowanne dabam. A ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓeraye, a kuma ware na cin yau da kullum, don kada a riƙa buɗewa.

Tilas waken ya bushe sarai, har in an ciza shi ya fashe da ƙara. Mai danshi in aka toshe shi ruɓewa yake yi. Wannan ya shafi na'urar zuƙe iska daga leda da ake gani a birane. Ta dace da busasshen abinci, amma ɗanyen nama ko kifi ko dafaffen abinci sai an sa su cikin firji, domin akwai ƙwayar cuta mai mugun dafi wadda a inda ba iska take yaɗuwa.

Masu barbaɗa wa wake maganin ƙwari suna sa iyalinsu cikin haɗari, suna kuma ɓata ciniki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan guba da aka samu a cikinsa.

Ana roƙon hakimai su sa malamin gona ya ɗaure buhu irin wannan ranar kasuwa a gaban dagatai da masu unguwanni, a ajiye shi tare da wani buhu na yau da kullum. Malamin hakimi ya rubuta ranar a littafi, bayan wata shida a kwance su duka biyu a gaban jama'a.