Itacen ƙawa a ƙofar gida: wanne ya dace da ƙasar Gidimuni?

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mun tarar da wani ɗalibinmu cikin ɓacin rai. Ya dawo daga cin rani a Jos da dashe uku na itacen nan mai ganye kamar allura, wanda ake kira sapan. Ya dasa su a ƙofar gida, ƴaƴansa suna ɗebo musu ruwa safe da yamma. Kafin zafin bazara ya wuce, duka ukun sun bushe. Kuɗi sun tafi, wahalar yara ta tafi a banza, inuwa ba ta samu ba. Don kada wani ya sake yin wannan hasara muka ga ya kamata mu yi bayani.

Sapan itacen wuri mai sanyi ne ko mai yawan ruwan sama. Irin wanda aka dasa a Jos da Afaka kusa da Kaduna yana son ruwan da ya kai milimita 1000 a shekara, alhali abin da ke sauka a wajenmu bai cika kai rabin haka ba. Ba ya son ƙasa mai kanwa, ga shi kuwa kwarurrukanmu ba su rasa ta. Kuma saiwarsa tana dogara da wata irin funfuna ta cikin ƙasa wadda ke taimaka mata shan abinci, ita kuwa ba a samunta inda danginsa ba su taɓa tsirowa ba.

Wanda ya nace sai mai irin wannan sura, akwai filawo. Kamanninsu ɗaya, amma ba dangi ba ne. Yana jure yashi da gishiri. Da shi aka ɗaure tuddan rairayi a gaɓar tekun Sanagal tun daga 1948. Sai dai yana son ruwa kusa, don haka a gefen tafki ko cikin kwari kawai zai yi, kuma gara na cin sa yana ƙarami. A kan tudu kuwa, babu kamar dogon yaro. Asalinsa daga Indiya ne, amma ya karɓi ƙasarmu. Da shi aka yi shingayen tare iska a kwarin Majiya tun daga 1975.

Ga yadda za a yi dashe:

1. A zaɓi wuri mai nisan mita 5 daga bango, nesa da rijiya da salga, saboda saiwa.
2. A gina rami mai faɗin santimita 50, zurfi ma haka. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara.
3. A jira damina ta zauna, wato daga watan Yuli zuwa farkon Agusta, a dasa da la'asar.
4. A yanke ledar a cire ta ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. Kada a binne wuyan dashen.
5. A kewaye shi da ƙaya ko tubali nan take. Akuya ba ta jiran gobe.

Rani na farko shi ne jarrabawa. A ba shi bokiti guda duk bayan kwana biyu ko uku, ruwa mai daɗi, ba na kanwa ba. Wanda rijiya ta yi wa nisa ya binne tulu a gindinsa, ya cika, ya rufe bakin: ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali, sauro kuma ba zai sami wurin ƙwai ba. A shimfiɗa ciyawa kewaye don riƙe laima, amma kada ta taɓa jikin itacen. In ya wuce tsawon mutum, a sare ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi a lokacin ɗari.

Amfanin ya wuce ƙawa. Itace yana rage ƙurar da ke jawo tari da ciwon ido, yana sanyaya gida, ganyen dogon yaro kuma yana kore ƙwari daga wake a rumbu. A 2019 aka sa tafkin Gidimuni cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, amma takarda ba ta tsayar da rairayi. Dabinonmu da rakenmu suna buƙatar itatuwa a bayansu. Magabata suna ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sare gawo da horo mai tsanani. Shi ya san abin da yake tsarewa.

Ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa ko'ina a Nijar, amma dasawa ba ita ce wuya ba, reno ne. Muna roƙon kowace cibiya ta nemi dashe biyu wurin ma'aikatan gandun daji, ta rubuta sunayen masu ban ruwa a allo, mako mako. Ɗalibin nan namu ya sa dogon yaro a ramukan nan uku, biyu sun kama. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.