Ƙirƙirarriyar Basira da Tsarin Rarraba Magunguna a Yankin Kazaure da Babura

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, asibitoci da ɗakunan shan magani na ƙananan hukumomin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa sukan cika da masu fama da zazzaɓin cizon sauro, mafi yawansu ƙananan yara da mata masu juna biyu. Tsakanin watan Agusta da Oktoba ne abin ya fi tsananta, kuma babu ma'aikacin lafiyar da bai san haka ba. Duk da wannan sani, akan wayi gari maganin wata cibiya ya ƙare a tsakiyar Satumba, alhali wata cibiyar da ba ta da nisa da ita tana da katan-katan a ajiye, har wa'adin amfaninsu yana neman cika. Tambayar da ke gaban masu tsara rarraba magani ita ce: nawa za a kai, ina za a kai, kuma yaushe?

A 'yan shekarun nan ana ta maganar cewa ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da ke koyo daga bayanan da aka tara, za ta iya amsa wannan tambaya. Muna so mu bayyana wa al'umma abin da wannan fasaha take yi, da inda aka gwada ta, da kuma abin da take bukata daga wurinmu kafin ta yi amfani a wannan yanki.

Hanyar da magani yake bi

Yawancin magungunan zazzaɓi da kayan gwajin jini da ake amfani da su a Nijeriya ana sarrafa su ne a ƙasashen waje, musamman Indiya da Sin. Daga masana'anta sai jirgin ruwa, sai tashar Legas, sai manyan rumbunan ajiya, sai rumbun jiha, kana a loda wa motoci zuwa cibiyoyin lafiya. Jihar Jigawa ta kafa hukumar JIMSO domin saye da ajiya da rarraba magunguna ga asibitocin gwamnati a ƙarƙashin tsarin asusun magani mai juyawa, inda kuɗin da aka sayar da magani shi ne ake sake sayo wani da shi. Wasu magungunan kuma, kamar na zazzaɓi da alluran rigakafin yara, suna zuwa ne ta shirye-shiryen Gwamnatin Tarayya da masu ba da tallafi.

Wannan yanki yana da nasa yanayin. Yana can ƙuryar arewa maso yammacin jiha, kuma motar da ta taso daga Dutse sau da yawa sai ta ratsa Jihar Kano kafin ta iso Kazaure. Roni da Gwiwa suna maƙwabtaka da Jihar Katsina, Babura kuwa tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Marar lafiya ba ya duba taswira kafin ya nemi magani. Asibitin da ya fi kusa da shi yake nufa, saboda haka yawan masu zuwa cibiyar da ke bakin iyaka yakan saɓa da yawan mutanen da aka rubuta mata a takarda.

Akwai wata matsala da masana harkar safarar kaya suka daɗe da ganowa, wadda suke kwatantawa da bulala: ɗan motsi kaɗan a hannun mai riƙe da ita yakan zama babban kaɗawa a ƙarshenta. Jami'in cibiya da maganinsa ya taɓa ƙarewa zai nemi fiye da bukatarsa don gudun maimaici. Jami'in ƙaramar hukuma ya tara waɗannan bukatu ya ɗora nasa kason na ko-ta-kwana, jiha ma ta ɗora. Kafin lissafin ya isa ga mai sayowa, ya yi nisa da ainihin yawan marasa lafiya. Idan kaya suka yi yawa suka lalace, sai kowa ya rage odar shekara mai zuwa, sai kuma a faɗa cikin ƙaranci.

Abin da manhajar take yi

Tsohuwar hanyar lissafi mai sauƙi ce. A duba abin da cibiya ta yi amfani da shi a watannin baya, a fitar da matsakaici, a ƙara ɗan kaso, a aika. Wannan yana aiki ga maganin da bukatarsa ba ta sauyawa sosai. Ga zazzaɓin cizon sauro kuwa, matsakaicin watannin rani ba ya gaya wa kowa abin da zai faru a Satumba.

Manhajar da ke koyo daga bayanai tana haɗa abubuwa da yawa lokaci guda: tarihin amfani da magani na shekaru a kowace cibiya, yawan ruwan sama da lokacin saukarsa, yawan jama'ar da ke kewaye, nisan cibiya da hanyar mota, da abin da ya faru a cibiyoyi masu kama da ita. Daga nan sai ta yi hasashen bukatar kowace cibiya, ta ba da shawarar yadda za a raba kayan da ke rumbu idan ba za su ishi kowa ba, ta kuma tsara hanyar da mota za ta bi. Ɗaya daga cikin bayanan da ake iya ba ta shi ne hasashen damina da Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, take fitarwa a farkon kowace shekara.

An gwada irin wannan a ƙasar Saliyo a shekarar 2023, inda hukumar samar da magunguna ta ƙasar ta yi aiki da masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania ta Amurka wajen rabon muhimman magunguna na kyauta ga cibiyoyin lafiya. An fara da wasu gundumomi, da aka ga magani ya fi isa hannun marasa lafiya sai aka faɗaɗa tsarin zuwa ƙasar baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne ba a ƙara yawan maganin da ke rumbu ba, rabon ne aka gyara. A Jihar Kaduna kuma, kamfanin Zipline ya fara kai magunguna da alluran rigakafi da jirage marasa matuƙi a shekarar 2022. Wannan ya shafi sufuri ne, kuma shi ma sai an san abin da za a ɗora wa jirgin.

Ƙidayar yara daga sararin sama

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne shirin rigakafin zazzaɓi na damina. A shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 magani sau ɗaya a wata a lokacin damina a ƙasashen yankin Sahel. Kazaure da Roni suna cikin ƙananan hukumomin da aka fara gudanar da shirin a Jigawa a shekarar 2014. Ma'aikata suna bi gida-gida, yaro yana shan maganin kwana uku a jere, kuma ƙunshin 'yan ƙasa da shekara ɗaya daban yake da na manyansu. Dole a ba da odar maganin watanni da dama kafin Yuli. Idan an yi kuskuren lissafi, babu damar gyarawa sai wata damina.

To yara nawa ne a Gwiwa? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Nijeriya ita ce ta 2006, wadda ta nuna Jigawa tana da mutane sama da miliyan 4.3. Tun daga lokacin ana ƙara wani kaso ne a kan wancan adadi kowace shekara, kamar dai kowane gari yana girma daidai da ɗan'uwansa. Garin Kazaure da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, mai manyan makarantu, ba zai yi girma irin na ƙauyen da matasansa ke tafiya cirani ba.

A nan ne fasahar ta riga ta shigo ƙasar Hausa. A lokacin yaƙi da cutar shan inna, daga wajen shekarar 2012, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana taswirar garuruwa da ƙauyuka a Kano da maƙwabtanta, har aka gano rugage da ƙananan unguwanni da ba sa cikin taswirorin hannu da ma'aikatan rigakafi suke amfani da su. Wannan aiki ne ya zama tushen shirin GRID3 a Nijeriya, inda kwamfuta take gane gine-gine a cikin hotuna, a haɗa da ƙidayar da aka yi ƙafa da ƙafa a wasu zaɓaɓɓun wurare, a fitar da ƙiyasin yawan jama'a har zuwa matakin mazaɓa. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Nijeriya a watan Agusta na 2020, taswirorin kuwa suna nan ana amfani da su wajen tsara wasu ayyukan lafiya.

Inda gizo ke saƙa

Manhaja tana koyo ne daga abin da aka rubuta, kuma rajista tana nuna maganin da aka bayar ne kawai. A ɗauka wata cibiya a Roni an kai mata maganin mutum 200 a watan Agusta, ya ƙare a rana ta goma sha biyu. Sauran kwanakin watan, duk wanda ya zo sai a rubuta masa takarda ya je kemis, wasu ma da suka ji labari ba za su zo ba. A ƙarshen wata rahoto zai ce an yi amfani da 200. Manhajar da ba a gaya mata maganin ya ƙare ba za ta ɗauka bukatar wannan cibiya ke nan, ta sake ba da shawarar a kai 200. Cibiyar cikin gari da ba ta taɓa yankewa ba kuwa, lissafinta zai fito cikakke, kasonta ya ci gaba da ƙaruwa. Ta haka ƙauyen da aka saba bari a baya zai ƙara zama a baya, wannan karon da sa hannun kwamfuta, wadda mutane suke ganin ba ta son kai.

Maganin wannan yana hannun jami'in da ke kula da ɗakin ajiya. A katin kaya akwai gurbin rubuta ranar da magani ya ƙare da yawan kwanakin da aka yi babu shi, haka ma a rahoton da ake aikawa duk bayan wata biyu. A ganinmu wannan gurbi ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi bari fayau. Wani lokaci aiki ne ya yi wa ma'aikaci yawa, mutum ɗaya yana duba marasa lafiya, yana ba da magani, yana cike rajistoci iri-iri. Wani lokaci kuma tsoro ne, kada a ce shi ya yi sakaci. Muddin rubuta "ya ƙare" zai jawo wa ma'aikaci tuhuma, ba zai rubuta ba. Ya kamata masu sa ido su karɓi irin wannan rahoto a matsayin aikin da aka yi daidai.

Bugu da ƙari, akwai abubuwan da babu tarihin da zai hango su. An rufe iyakokin ƙasa na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya sauya kuɗin kowace tafiyar mota cikin 'yan kwanaki. Kowanne daga cikin waɗannan ya taɓa zirga-zirgar jama'a a Babura da kewayenta. Haka nan manhaja ba ta san kwalbatin da ruwan daren jiya ya cinye ba, direba da mai unguwa su ne suka sani. Saboda haka shawarar manhaja tana bukatar jami'in da zai duba ta, ya amince ko ya sauya, ya kuma rubuta dalilinsa domin manhajar ta koya daga gyaran.

Taki da sauran kayan noma

Irin wannan lissafi ya shafi taki da iri, waɗanda kamfanin JASCO da hukumar JARDA suke hulɗa da manoma a kansu. Takin da ya iso bayan gero ya fitar da kai ya makara. Shirin Gwamnatin Tarayya na rabon taki ta wayar salula, wanda aka fara a 2012 zamanin Dakta Akinwumi Adesina yana Ministan Noma, ya nuna amfanin rajistar manoma, ya kuma nuna cewa manomin da ba ya cikin rajista, ko wanda ƙauyensu babu sabis, tsarin ba ya ganinsa.

Ma'aikata da doka

Ta fuskar horar da ma'aikata, yankin yana da abin farawa. Cibiyar koyar da fasahar kwamfuta da aka fi sani da Informatics tana Kazaure tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a garin, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Aikin da ake bukata daga ɗalibansu a matakin farko ba na ƙera sabuwar manhaja ba ne. Tsaftace bayanai ne: daidaita sunayen cibiyoyi da ake rubutawa iri biyu ko uku, tabbatar da wurin da kowace take a taswira, mayar da tsofaffin katunan kaya cikin kwamfuta, da gano watannin da rahoto ya ɓace.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Tsarin rarraba magani ba ya bukatar sunan marar lafiya ko lambar wayarsa, adadi kawai yake bukata, don haka duk yarjejeniyar da za a ƙulla da kamfanin fasaha ya dace ta fayyace cewa bayanan mallakar jiha ne, kuma za su kasance a hannunta ko da kwangila ta ƙare. Ya dace kuma a fara gwaji da 'yan cibiyoyi na damina ɗaya, a ajiye hasashen manhaja kusa da lissafin jami'ai, sannan a watan Nuwamba a ƙirga kwanakin da magani ya yanke a kowace cibiya da yawan katan ɗin da suka lalace.