Kwana a Kan Tirela: Arahar da Matasan Katagum Ke Saye da Rayukansu

Duk lokacin da tirela ta kife da mutane da shanu a hanyar Kudu, bayanin hukuma iri ɗaya ne: gudun wuce sa'a, lodin wuce ƙima, da gangancin fasinja. Wannan bayani ya yi gajarta. Saurayin da ya baro ƙauyensa a Gamawa, Itas ko Shira, ya zo Azare ya haye kan katakon da aka gitta a saman shanu, ya san abin da yake yi. Lissafi ya buga. Matuƙar ba a taɓa lissafin nan ba, wa'azin hukumar kiyaye haɗurra ba zai sauko da kowa ba.

A Amurka da Turai, masu hali kan sayi mota mai ɗaki da kicin su zaga ƙasa, suna kwana a ciki don rage kuɗin otal. Mu ma muna da tamu motar kwanan, sai dai talauci ne ya ƙera ta, kuma ba ta da rufi.

Tushen abin kuɗin mota ne. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura Naira 1,000. Ƙananan bas-bas na fetur suka ninka kuɗinsu, alhali daga Azare zuwa Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ɗan ci-rani da zai je tura ruwa, wankin takalma ko dako a kasuwar Mile 12 yana barin gida ne don ba shi da kuɗin. A ina zai samo na kujera?

Wani zai ce ai tirela ma mai take sha, kuma gas ya yi tashin gwauron zabo tun 2022. Haka ne, amma fataken da suka yi lodin shanu ko hatsi sun riga sun biya kuɗin man tun kafin mota ta tashi. Duk abin da fasinjan sama ya bayar riba ce tsantsa ga direba da yaran mota, shi ya sa suke iya karɓar abin da babu wata bas da za ta karɓa. Ga shi Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kusa da Potiskum, garin tireloli da babbar kasuwar shanu, don haka motar da za a hau ba ta yankewa. Jirgin ƙasa kuwa, wanda shi ne abin hawan talaka, layinsa bai taɓa biyowa ta Azare ba.

Tanadin bai tsaya kan kuɗin mota ba. Matafiyin ya ɗaure guzurinsa na garin kwaki, ƙuli-ƙuli da sukari, don kada ya sayi abincin hanya. In an yada zango a Tafa ko Ogere, ya shimfiɗa buhu ƙarƙashin mota, ya huta da biyan masauki. Wannan dabara ce ta kakanninmu fatake, kuma babu aibu a cikinta. Bambancin shi ne ayarin da yana da madugu mai ɗaukar alhakin kowa, shi kuwa fasinjan tirela ko sunansa ba a rubuta ba.

A nan asarar take. Mutum ya kwana biyu ko uku a sama, cikin sanyin hunturu da ƙura, yana gyangyaɗi a kan ramukan hanyar Mokwa zuwa Jebba. In mota ta karkata, shanu da buhuna a kansa za su sauka. Babu takardar fasinja, babu inshora, babu diyya. Wani lokaci sai an yi makonni kafin labari ya iso gida. Wanda ya tsira da karaya, jinyarsa kan cinye akuya da hatsin gidan, abin da ya ninka kuɗin bas sau da yawa. Akwai kuma zubewar mutunci. Tun kullen korona na 2020, jami'an tsaro a jihohin Kudu suka saba tare tireloli, su sauke matasanmu daga cikin dabbobi a gaban kyamara, a riƙa yi wa mai neman halak kallon ɗan ta'adda.

Masu cewa doka ta hana haɗa mutane da dabbobi a mota ɗaya, don haka a kama a hukunta, ba su yi ƙarya ba. Akwai direbobin da kwaɗayi ya rufe wa ido, sun kuma cancanci hukunci. Amma kame ba tare da mafita ba yakan ƙara kuɗin shinge ne kawai, yaran kuma su koma hawa da daddare a bayan gari.

Maganin yana wurin da cutar ta faro. Gwamnatin Bauchi tana da kamfanin sufuri na Yankari Express. Ya kamata ta ware dogayen bas masu rangwame daga Azare zuwa Legas da Fatakwal bayan girbi, lokacin fita ci-rani, da kuma gabanin damina, lokacin dawowa. Ƙungiyoyin direbobi da na dillalan shanu su taƙaita masu hawa ga masu kula da dabbobin, da sunayensu a rubuce. Masarautar Katagum, ta hannun hakimai da dagatai, ta ja kunnen iyaye. Attajiran Azare da ke rabon buhuna da azumi, su tuna cewa biya wa yaro kuɗin kujera shi ma sadaka ce. Sai kujerar bas ta zama abin da ɗan ci-rani zai iya biya sannan za a daina hawa saman tirela.