Yarinyar Da Ta Je Kallon Tanis A Birnin Niyok

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Satumba, akan yi wata babbar gasar wasan tanis a birnin Niyok na ƙasar Amurka, ana ce da ita US Open. Tana ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu na duniya, sauran ukun kuwa a Ostareliya da Faransa da Ingila ake yin su. Domin wanda bai taɓa ganin wasan ba, mutum biyu ne ke tsayawa cikin fili mai tsawon ƙafa 78, da raga a tsakaninsu, kowa na riƙe da abin bugu mai kama da faifai, suna mayar wa juna 'yar ƙwallo. Wanda ya kasa mayarwa an ci shi ke nan.

To, kafin a soma gasar akan keɓe rana guda domin yara. A irin wannan rana, cikin 2012, akwai wata yarinya baƙar fata mai shekara 8 cikin 'yan kallo, sunanta Coco Gauff, daga Jihar Florida. Masu ɗaukar hoto suka ɗauke ta tana ta tsalle da rawa don murna. A lokacin nan ta riga ta soma koyon wasan a hannun ubanta.

Yaron da aka kai wannan birni idonsa ba ya hutawa. A bakin teku akwai mutum-mutumin 'Yanci, wanda mutanen Faransa suka ba Amurka kyauta, aka buɗe shi cikin 1886. Akwai benen Empire State mai hawa 102. Ga kuma hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka karɓi Nijeriya ran 7 ga Oktoba, 1960. Daga tsakiyar gari sai a shiga jirgi mai lamba 7, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, sa'an nan ya ɓullo ya bi ta bisa kan gidajen unguwar Queens har dandalin Flushing Meadows. Nan baƙo zai tarar da siffar duniya ta ƙarfe, tsayinta ƙafa 140, wadda aka kafa domin bajekolin duniya na 1964. Filayen tanis suna kusa da ita.

Amma a ganinmu, abin da ya fi dukan waɗannan ga yarinya irin Coco shi ne sunan da ke jikin babban filin, watau Arthur Ashe. Shi ne baƙar fata na farko cikin maza da ya ci wannan gasa, cikin 1968. Dattawan Ikko ma sun san shi, don yana can yana wasa cikin Fabrairun 1976 sa'ad da aka kashe Janar Murtala Muhammed. Filin yana ɗaukar mutum fiye da 23,000, kuma a ciki ne uban Coco ya zaunar da ita ta ga Venus da Serena Williams, ya da ƙanwa, baƙaƙe kamarta, suna fafatawa da gwanayen duniya. Gani ya kori ji.

Kada dai mu ɗauka kallo kaɗai ke mai da yaro gwani. Dubban yara sun je ran nan, sun yi rawa, sun koma gida. Abin da ya raba ta da su shi ne iyayenta sun ajiye aikinsu dominta: uban ya zama mai horar da ita, uwar kuwa, wadda dā ma malamar makaranta ce, ta riƙa koya mata karatu a gida. Kasada ce babba, don da yarinyar ta ji ciwo ko ta gaji, da an yi biyu babu.

Filin nan kuwa bai karɓe ta da sauƙi ba. Cikin 2019, tana da shekara 15, bayan ta ba duniya mamaki ta ci Venus ɗin nan a Wimbledon ta Ingila, sai ta zo Niyok ta gamu da Naomi Osaka ta Japan, aka ci ta 6-3, 6-0. Ta fashe da kuka a gaban jama'a. Osaka ta lallashe ta, ta jawo ta suka yi wa mutane magana tare, abin da muke gani halin girma ne.

Sai ran 9 ga Satumba, 2023, ta kai wasan ƙarshe, ta kara da Aryna Sabalenka ta Belarus. Aka ci ta zagayen farko 6-2, kamar za a maimaita na dā. Ta daure, ta ci na biyu 6-3, na uku 6-2, ta ɗauki kofi tana da shekara 19. Aka ba ta dala miliyan 3, daidai da abin da aka ba zakaran maza, gama tun 1973 gasar ta daidaita ladan maza da mata bisa matsawar Billie Jean King. Ita wannan dattijuwa tana tsaye a wurin ran nan, Coco kuwa ta juya ta yi mata godiya a bainar jama'a.