Flash ya tafi, amma tsofaffin wasanninsa ba su mutu ba

Ranar 31 ga Disamba 2020 kamfanin Adobe ya daina kula da Flash Player, daga 12 ga Janairu 2021 kuma ya toshe shi. Mai tsohon fayil na .swf, wasa ne ko darasi, sai ya tarar sabuwar kwamfuta ta ƙi buɗe shi.

Mafita ita ce Ruffle, manhajar kyauta da 'yan sa-kai suka rubuta da yaren Rust. Tana kwaikwayon aikin Flash, kuma da ita Internet Archive ke farfaɗo da tsofaffin wasanni, kodayake ba kowane fayil take buɗewa daidai ba.

Sai dai a yi hattara: shafin da ya ce a sauke "sabon Flash Player", galibi tarkon 'yan damfara ne.