Kasuwar Pari a hannun masu zane

Yau za mu yi magana bisa zanen da Faransawa suka yi na kasuwar birni a ƙarni na 19, da yadda mutum zai dube shi ya ƙaru.

Da can, manyan masu zane sarakuna da yaƙe-yaƙe da labaran addini suka fi zanawa. A cikin ƙarni na 19 sai waɗansunsu suka shiga kasuwa da fenti da buroshi. Babbar kasuwar Pari ita ce Le Hal, mai rumfunan ƙarfe da gilashi. Marubuci Émile Zola ya kira ta cikin Pari a littafinsa na 1873, don daga nan birni duka yake ci.

Victor Gilbert ya zana masu sayar da kifi da sassafe. Léon Lhermitte kuwa, a 1895, ya gama wani babban zane na wannan kasuwa, faɗinsa ya fi mita 6, tsawonsa mita 4. An yi shi don gidan magajin garin Pari. Ku lura da wannan: ɗan dako da mai sayar da kayan miya sun hau bangon da aka saba ba manya. Yanzu zanen yana gidan Petit Palais.

In kun samu hoton irin wannan zane, kada ku yi gaggawa.

Na farko, ku nemi haske. Daga ina yake faɗowa? Shi zai gaya muku lokaci, don da asuba wannan kasuwa take cika.

Na biyu, ku dubi hannuwa da kafaɗu. Wa ke ɗauke da kaya, wa ke zaɓe, wa ke taya farashi? Ƴan dakon Le Hal ana gane su da faffaɗar hula, wadda ke tare musu kai da wuya daga nauyin kaya.

Na uku, ku dubi haja: kaji, kifi, shu, albasa. Abincin mutanen wannan zamani ke nan.

A 1969 aka tashe kasuwar zuwa Rungis, a kudancin Pari, kuma a 1971 aka fara rushe rumfunan. Wanda ke son ganin waɗannan ma'aikata cikin aikinsu, sai ya koma ga zane. Ba a rubuta sunayensu ba, amma mai zane ya ajiye mana fuskokinsu da guminsu.

Sai wani jiƙon. Mu kwana lafiya.