Tsarabar Tamanrasat

A Matamaye yara ne ke fara ganin matafiyi. Tun yana sauka daga mota a bakin kwalta za su ruga su karɓe masa jaka, wani ya riga kowa isa gida da albishir. Kafin ya gama shan ruwa tsakar gida ta cika: "Sannu da hanya, ya ka baro mutanen can?" Manya suna da kawaici, ba sa kallon kaya. Yara kuwa ba ruwansu, su za su furta abin da ke zuciyar kowa: ina tsaraba? Shekara da shekaru amsar tana cikin buhu. Dabino, taliya, madarar gari, bargo mai laushi, wayar hannu, in tafiya ta yi albarka har da kuɗin rufin kwano. Da wannan buhun ake auna tafiyar, da shi kuma ake auna mai ita.

Tun watan Disamba na 2014 aka samu wata irin dawowa wadda ba ta da buhu. A lokacin ne, bisa yarjejeniya tsakanin Nijar da Aljeriya, aka soma kwaso 'yan Nijar daga garuruwan Aljeriya, a tara su a Tamanrasat, a zubo su cikin manyan motoci ta In Gezam da Asamaka da Arlit har Agadas, daga nan a gangaro da su Damagaram. Mata da ƙananan yara ne suka fi yawa a ayarin farko-farko, kuma in aka tambayi garinsu, amsar da ta fi yawa ita ce ƙasar Kance. Matamaye kuwa ita ce babban garin gundumar Kance. Nan mota ta ƙarshe ke sauke su.

Wanda bai san wurin ba zai yi mamakin yadda mutum zai bar irin wannan ƙasa ya nufi hamada. In ka bar babbar hanyar Yamai a Takeita ka yi kudu, ka wuce Kance ka shigo Matamaye, idonka ba ya rabuwa da itatuwan gawo. Manoman nan da na Magarya da Mirya su suka raya su da hannunsu, suna barin tsiro a gona suna yi masa sassabe mai kyau, har masana daga ƙasashen Turai suka riƙa zuwa kallo. A kwaruruka, wajen Dungu da kewaye, ga rake, ga rogo, ga kayan lambu. Gaba kaɗan ga iyakar Ɗan Barto, ka tsallaka Kwangwalam, sai Daura, sai Kano. Ƙasa ce mai albarka, sai dai ta yi wa masu ita kaɗan. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 400,000 a gundumar, kuma tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar duka. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ke rabonta taki-taki. A gidaje da yawa rumbu ba ya kai wa bazara. Ga biki, ga suna, ga kayan ɗakin 'ya mace, waɗanda nauyinsu a kan uwa yake, kuma ba a yi mata uzuri.

Fita bida ba sabon abu ba ne a nan. Iyaye da kakanni sun yi cin rani a Kano da Legas, samari sun yi Libiya har yaƙin 2011 ya koro su. Abin da ya ja hankalin duniya shi ne fitar mata da goyo. A watan Oktoba na 2013 motoci biyu suka lalace a hamada bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu 'yan wannan yanki ne. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. A 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, wadda ta sa hanya ta ƙara tsada da ɓoyo, kafin mahukuntan soja su soke ta a watan Nuwamba na 2023. A tsakani, cikin Maris na 2022, jirage suka kwaso ɗaruruwan mata da yara daga titunan Dakar, mafi yawansu daga Kance da Magarya. Duk wannan an faɗa a rediyo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne washegarin dawowa.

Matar da aka sauke ba ta taho da komai ba sai bashi. Don ta tafi, an sayar da akuya, ko an jinginar da 'yar gamanarta, ko wata maƙwabciya ta ba ta rance a kan za ta biya in ta dawo. Wata ma da ɗan wani ta tafi, bisa alkawarin za a raba abin da aka samu. Yanzu ga ta a ƙofar gida da zanen da ke jikinta. Ba wanda zai yi mata gori a fili. Mutanen nan sun fi ƙarfin haka. Amma mai bin bashi za ta zo sannu da zuwa, ta zauna, ta daɗe, ta tashi ba ta ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. Kwana kaɗan ƙauye ya yi mata ƙunci. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai ta taho Matamaye wajen wata 'yar uwa, ta yi daka ko wankau, ta saro rake ta yanka ta sayar a bakin tasha. In Matamaye ba ta ɗauke ta ba, sai Damagaram.

A nan ne ake yin dawowa ta biyu, kuma a ganina ta fi ta farko wuya.

Damagaram birni ne mai ji da kansa. Fadar Sarki tana nan a Birni, tsoffin gidajen fatake suna Zango, kuma har 1926 nan ne babban birnin ƙasa kafin Turawa su mayar da shi Yamai. Matar Matamaye ba baƙuwar harshe ba ce a nan, Hausa ɗaya ake yi, salla ɗaya, tuwo ɗaya. Wannan kusancin shi ne matsalar. A Tamanrasat ko Gardaya ko Oran ba wanda ya san ɗiyar wane ce ita. Ta miƙa hannu, an ba ta sadaka ko an hana, ta wuce. A Damagaram tana buɗe baki za a gane daga ina ta fito, kuma "'yan Kance" ya zama suna da wasu ke faɗa da taɓe baki. Wannan abin yana ƙona mini rai. Mutanen da suka cika gonakinsu da gawo, masu raken da ake sha a birnin nan, su ne aka mayar abin nuni saboda yunwa ta fitar da wasu daga cikinsu.

Abu na farko da birni ke koya wa mai dawowa shi ne ruwa kuɗi ne. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Arunguza da sauransu, kuma in zafi ya tsananta famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba. Mata su yi layi da jarkoki tun tsakar dare, ko a saya wajen 'yan ga-ruwa da tsada. A ƙauye rijiya tana da nisa amma ba a biya. Sai wurin kwana. Mai ɗan hali ya kama hayar ɗaki ɗaya a bayan gari. Marar hali ya nemi kango, gidan da mai shi ya fara gini kuɗi suka yanke, ya zauna gadi: ba haya, ba ƙofa, ba wuta, kuma ranar da mai gida ya samu kuɗin siminti ranar za a tattara tabarma. Iyali suna iya shekara a haka, daga wannan kango zuwa wancan.

Sai lissafi. Wanda ya saba da dinari dole ya sake koyon dala da jikka, ya kuma gane cewa abin da aikin yini ke kawowa a nan ba ya kama ƙafar na can. A Aljeriya burodi da madara da taliya gwamnati na tallafa wa farashinsu, talaka yana ci ya ƙoshi da kuɗi kaɗan. A nan tiyar gero ita ke mulki, in ta hau kowa ya ji a jikinsa. Ga naira, wadda ta daɗe tana yawo a kasuwannin Matamaye kamar sefa. Da darajarta ta zube a 2023 da 2024, cin ranin Kano da ya riƙe gidaje tun zamanin kakanni ya rage auki. Abin da saurayi ya tara a wata uku, in ya canza, sai ya ga bai taka kara ya karya ba. Rufe iyakar kudu da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun ƙara taƙaita numfashin garin da rabin cinikinsa da kudu yake. In ƙofar kudu ta matse, ido arewa yake komawa.

Maza suna da tasu damuwar. Da yawa sun dawo da sana'a a hannu: gini, shafe, ɗaura tayil, fenti, walda, aikin lambu da injin ban ruwa. Na sha jin ana cewa masu dawowa ba su iya komai ba, kuma ba gaskiya ba ne. Abin da suka rasa shi ne kayan aiki da wanda zai tsaya musu. A birni ba a ba baƙo aikin gida sai wani ya ce ya san shi. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a arewacin birnin ta sa mutane sun yi dogon buri, amma masu takarda take ɗauka, su ma ƙalilan. Don haka gwanin tayil sai ya ƙare a kan babur ɗin wani yana kabu-kabu, yana kai wa mai shi kuɗi kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba. Da dare ya zauna a fada, ana dafa shayi ana hira. Fada ita ce ofishin neman aikinsa, ita ce bankinsa, nan zai ji inda ake neman lebura gobe. Nan kuma zai ji wane ya sake tafiya har ya aiko da kuɗi. Wasu fadojin ba na alheri ba ne. Wanda ya kalli fim ɗin da Aisha Maki ta yi a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara ya ga inda zaman banza ke kai matashi mai ƙarfi a jika. Amma mafi yawan fadojin, shayi ne da haƙuri.

Yara su suka fi ba ni tausayi. Yaron da aka tafi da shi yana goye ya dawo yana ɗan shekara takwas, Larabcin titi ya fi zama a bakinsa, ya iya tsallaka babban titi, ya iya karanta fuskar mai bayarwa, bai taɓa riƙe alli ba. In uwar ta kai shi lakwal za a tambayi takardar haihuwa, ba shi da ita, sai an bi ta wajen alƙali. In an karɓe shi, zai zauna cikin waɗanda ya girme musu, su yi masa dariya. Shi kuma ya san abin da su ba su sani ba: cewa a yini ɗaya ya taɓa kawo kuɗin da ya ciyar da gida. Yaron da ya san haka, zaman aji yana yi masa wuya, kuma ba taurin kai ba ne. Malamin da ya gane wannan, ya jawo shi a jiki, ya yi aikin da babu wata hukuma da ta yi.

Ana ba da taimako, ba a ce ba a yi. Akwai abinci da magani a sansanonin Agadas da Arlit, akwai kuɗin mota, wasu sun samu awaki ko ɗan jari daga ƙungiyoyi. Sai dai hankalin kowa ya fi karkata ga mota: a ɗauko, a sauke, a ƙirga. Jarin da aka ba matar da bashi ya yi wa katutu, mai bin bashi ne zai fara cin sa, kuma ba za ka ga laifinta ba, don mutunci take saye. Abin da na ga yana riƙe mata shi ne abin da suka gina da kansu, adashi da asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ya faro a ƙasar Maradi a 1991 ya bazu ko'ina. A zuba kaɗan duk mako, a ranta, a saro gyaɗa a yi ƙuli-ƙuli da mai, a biya. Ba ya sa a yi arziki, amma yana mayar da mace cikin sahun mata, ta zama wadda ake jira ranar taro. Da za a ƙara rijiyoyin lambu a kwarurukan Kance, a ba matan nan fili da sunansu, da an rage masu hawa motar Agadas fiye da yadda kowace doka ta rage. A 2024 kawai, masu sa ido a Asamaka sun ƙirga fiye da mutum 30,000 da aka koro daga Aljeriya, 'yan Nijar da na wasu ƙasashe. Waɗanda ba 'yan Nijar ba a fili ake zubar da su, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga gari. A cikin 'yan Nijar ɗin akwai waɗanda wannan ne karo na biyu ko na uku.

Wadda ta daure ta zauna a Damagaram, sannu a hankali takan yi saiwa. Ta san mai famfon da ke ɗaga mata ƙafa, ta san gidan da ake ba ta wanki duk mako, maƙwabta su daina ce mata baƙuwa su koma kiranta da sunan ɗanta na fari. In salla ta matso sai ta yi shirin leƙa gida. Ta shiga Kasuwar Dole, inda kayan arewa suke jibge, waɗanda motoci ke saukowa da su ta hanyar da ita ma ta biyo. Ta taya dabino, ta sayi taliya ƙulli biyu da 'yar madara, ta ɗaure a buhu. Ta hau motar Matamaye ta rungume shi a cinya. A bakin kwalta yara sun riga sun hango ta.